Gyara Sau Biyar

Shekarar da mahaifina ya rasu, cefanen gida ya dawo wuyana. Lokacin Nasara ba su iso ba, babu iyaka tsakaninmu da Konni, kuɗin da ake ciniki da su kuwa wuri ne. A gida akwai mahaifiyata, da matata, da yaranmu biyu. Gonarmu jigawa ce, hatsinta ba ya kai mu damina, saboda haka daga tsakiyar rani sai awo. Sana'ata tufkar igiya. Ranar Lahadi in kai kasuwar Illela in sayar, abin da na samu shi zai riƙe mu kwana bakwai.

Mahaifina wurin mutum ɗaya yake awo, wata tsohuwar ma'auniya da ke zuwa daga ƙauyen Araba da jakinta, tana zama gindin bagaruwa a bakin kasuwa. Mudu goma na gero yake saye kowane mako. In ta gama aunawa, sai ta cika tafin hannunta biyu ta zuba masa gyara. Da ya rasu, ni ma can na ci gaba da zuwa.

Wata Lahadi ina jiran a auna mini, wani mutum ya sayi mudu biyu. Na ga gyaran da ta yi masa daidai yake da nawa, ni mai goma. Abin ya tsaya mini a rai har gida. Mako na gaba sai na raba awona wurin ma'auna biyar, mudu bibbiyu, kowace ta yi mini gyara. Taikina ya fi na kullum nauyi. Daga nan na rage mudu ɗaya, na sa kuɗinsa a daddawa da gishiri, wata rana har da ɗan nama. Na ji kamar na gano abin da ya ɓace wa mahaifina.

Mahaifiyata ce ta fara lura. Tana sheƙar geron a faifai ta ce, "Hatsin ga kala-kala ne. Ina na tsohuwar Araba?"

Na ce, "Inna, ai gero gero ne." Na kwashe dabarata na faɗa mata, ina jiran yabo.

Ta ce, "Ubanka ma yana da idanu." Ta ci gaba da sheƙarta.

Tsohuwar kuwa, ranar da na fara neman mudu biyu a wurinta, ta dube ni ta ce, "Ɗana, gidan ya ragu ne, ko kun daina cin tuwo?" Na yi dariya na ce a'a. Ta auna, ta yi gyara kamar kullum. Kunyar wannan tambaya ta sa na daina zuwa wurinta ɗungurungum. Sai in zaga ta bayan rumfar majema don kada ta gan ni.

Haka na yi har damina ta faɗi. Aka yi shuka, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone, mutane suka sake fitar da iri daga abin da za su ci. Hatsi ya yi wuya. Gyara ya fara ɓacewa, daga baya awon kansa.

Wata Lahadi na sayar da igiyata da wuri na shiga layin ma'auna. Kowace ta rufe ƙwaryarta da faifai. In na tsuguna sai a ce, "An saye." Ina tsaye wani zai zo, a gaisa, a tambayi iyalinsa, a ɗaga faifai a auna masa. Kowace ta ajiye wa mutanenta ne, ni kuwa a cikin biyar ɗin nan babu wadda ta san ko gidanmu ina yake. A gida abin da ya rage bai fi na kunun safe ba.

Bayan azahar na nufi gindin bagaruwa. Na tsuguna na gai da tsohuwar.

Ta ce, "Lahiya lau. Ashe kana gari. Na ɗauka mutanen Konni sun tahi da kai. Mi aka so?"

Na ce, "Iya, awo."

Ta dubi taikin da ke hannuna. Sannan ta ce, "Kasuwa uku ina ajiye goman gidanku, in sake labta wa jaki in mai da shi Araba. Ta huɗu na ba wani mutumin Amarawa, shi ma da ɗiya gare shi. Yanzu nashi ne. Ba ni ɗauke mishi."

Na ce, "Gaskiya ne, Iya."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta jawo wata 'yar jaka daga bayanta, wadda na gane ta gidanta ce, ta auna mini mudu uku.

"Ka gaida innarka. Ka ce mata ina nan da rai."

Mudu uku, mutum biyar, kwana bakwai. Matata ta riƙa tsinko tafasa da rama a bayan gari tana haɗawa da tsaki, muna ci sau ɗaya a yini, yara sau biyu. Mahaifiyata ta ce tana da ramuwar azumi, ta ɗauka tun daga Litinin. Na san babu wata ramuwa a kanta, ita ma ta san na sani. In an sha ruwa sai ta kurɓi kunu kaɗan ta tura wa yara ƙoƙon.

Yanzu da na koyi riƙe alƙalami da girmana, na so in fara rubuta wannan kafin komai. Lahadin da ta biyo baya na riga kowa zuwa gindin bagaruwa, tsohuwar ta auna mini huɗu. Ba mu koma goma ba sai da sabon gero ya shigo, kuma har lokacin mahaifiyata ba ta ajiye azumin ba.