Tsinken Ashanar da Ya Rufe Bakin Kwamfutar Ajinmu

A shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci aka ba ni makullin ɗakin karatu. Ba don na fi kowa ƙoƙari ba. Gidana ne ya fi kusa da makarantar firamaren da muke aron aji a cikinta, kuma an san ni da adana kaya. Dukanmu magidanta ne, manoma da masu sana'a na ƙauyenmu da ke kan hanyar Gozaki. Muna zama bayan la'asar, lokacin da yara sun daɗe da tashi.

Malaminmu daga Malumfashi yake zuwa a kan babur, Asabar da Lahadi kawai. Sauran ranakun kwamfuta ce ke karantar da mu. Tsohuwa ce, mai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur da ƙananan sifiku biyu a sama, tana aiki da wutar solar makarantar. Wata mai gyaran kwamfuta a Funtua, wadda kowa ke kira Madam, ita ta sa mata manhajar kyauta da ake ce wa Linux, domin ita ce tsohon inji irin wannan zai iya ɗauka ba tare da nishi ba. A ciki akwai darussa. Murya za ta karanta jimla, kalmar da take faɗa ta yi haske a fuskar kwamfutar, mu kuma mu maimaita. Ga mutanen da ba su gama iya karatu ba, muryar nan ita ce komai. Idan babu ita, sai dai mu zauna muna kallon rubutu yana kallonmu.

Da damina ta kankama muka tafi hutun mako uku saboda noma. Ranar rufewa na tsaya ni kaɗai na yi wa kwamfutar abin da nake yi wa injin ban-ruwana da famfon feshi duk lokacin da zan ajiye su. Duk manomi ya san zanzaro. Ka bar masa ƙaramin rami a buɗe, ka dawo ka tarar ya cika shi da laka ya yi gida. Sai na samo auduga da tsinkayen ashana, na naɗe kan kowane tsinke, na toshe ramuka uku da ke bayan akwatin waɗanda babu waya a cikinsu. A gaba ma akwai wani ƙaramin murfi, na ɗaga na ga rami ɗaya, na toshe shi, na karya wutsiyar tsinken don murfin ya rufu. Na lulluɓe ta da tsohon zane na kulle ƙofa, ina ganin na yi aikin kirki.

Ranar Laraba muka dawo. Mutane sun riga ni zuwa, suna tsaye a bakin ƙofa suna yi mini tsiya. Cikin sauri na yaye zanen, na zare tsinkayen nan uku na baya, na kunna. Fuska ta kawo, darasi ya buɗe, kalmomi suna haske ɗaya bayan ɗaya. Amma shiru.

A ajinmu akwai wani tela, abokina tun muna yara, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Mai makulli, malamar taka azumin magana take yi ne?"

"Bari ta warware, ta daɗe a kwance," na ce.

Ba ta warware ba. Kowa ya zo ya taɓa. Wani ya murɗa sifika har ƙarshe, wani ya daddanna maɓallai, telan ya bubbuga akwatin kamar yadda yake yi wa keken ɗinkinsa. Muka tashi ba mu karanta ko layi ɗaya ba. Alhamis mutum shida suka zo. Juma'a uku.

Ranar Asabar Malam ya zo ya gwada iyakar saninsa. Daga ƙarshe ya share gumi ya ce yana jin abin da ke ba da sautin ne ya ƙone, kuma a jikin babban allon da ke cikin akwatin yake, ba a cire shi a sa wani. Sannan ya faɗi abin da ya fi tayar mini da hankali. Jami'in da ke zagaya azuzuwa zai zo ranar Alhamis, kuma ƙa'ida ce duk kayan da ya tarar ba ya aiki a ɗauke shi a kai ma'ajiyar ofis har a sami mai gyara. Mun san wannan ma'ajiya. Rediyon da ajin ya fara da shi can ya tafi, har yau ba mu sake ganinsa ba.

"To mu kai ta Funtua da kanmu mana, Malam."

"Na sa hannu a takarda, ba za ta fita ɗakin nan ba sai da izini. Izinin kuma a hannun wanda zai zo yake."

Sai na roƙe shi lambar Madam. Ya rubuta mini a bayan littafina, yana kallona da tausayi.

Litinin da hantsi, bayan na dawo daga gona, na kira ta. Iyayenta 'yan kudu ne, amma a Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Na yi mata bayani, ta saurara har na gama.

"Baba, kar ka yi mata jana'iza tukuna. Za ka iya karatu?"

"A hankali."

"A hankalin nake so. Masu sauri su ke ɓata mini aiki."

Matsalar ita ce babu sabis a cikin ajin. Sai ka fita ka tsaya ƙarƙashin wata darbejiya a bakin filin ƙwallo. Don haka duk abin da ta faɗa sai in rubuta a littafi, in kashe waya, in taka zuwa aji in yi, in dawo in gaya mata abin da na gani. Ranar na yi wannan tafiya har na daina ƙirgawa.

Da farko ta ce in zare wayar sifikun in sa a wayata ta hannu. Na sa, na kunna rediyo, sai ga murya raɗau. Sifiku lafiya lau ke nan. Ta ce in mayar da ita cikin koren ramin da ke baya, ba shuɗi ba, ba ja ba. Dama a koren take. Ta ce in duba ƙaramin hoton sifika a saman fuskar, ko an ja sautin ƙasa. Yana sama. Daga nan masu kawo gyara suka cika mata shago, ta ce sai gobe.

Talata telan ya biyo ni, wai ya zo ganin yadda manomi zai zama injiniya. Madam ta ce yau za mu shiga ciki. Ta koya mini maɓallai uku da zan danna tare, wani baƙin allo zai buɗe, in rubuta kalma guda. Ta ba ni harufan ɗaya-ɗaya: a, l, s, a, m, i, sai ta faɗi wani da ban sani ba.

"Wane ne wannan kuma?"

"Wanda malaminku yake sa maka idan ka faɗi lissafi."

"To, na san shi sosai," na ce. Telan ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na ƙarasa da e da r. Na koma aji na rubuta da yatsa ɗaya, ina neman kowane harafi. Sau biyu ina kuskure, na uku sai ga wasu dogayen sanduna masu launi sun miƙe a allon, kamar masara a kunya. Madam ta riga ta gaya mini in duba gindin kowace. Idan na ga sifili biyu, a buɗe take. Idan na ga M biyu, an rufe mata baki, in danna M ɗin. A gindin ta farko kuwa na ga M biyu zaune. Na danna, suka koma sifili. Na buɗe darasi.

Shiru.

Na koma gindin darbejiya. Madam ta ce wataƙila masu danne-dannen ranar Laraba ne suka rufe wannan, amma akwai wani abin a ƙarƙashinsa. Ta ce in kwana in huta. Telan bai yi tsiya a hanyar gida ba, abin da ya nuna mini shi ma ya fara fid da rai.

Laraba, saura kwana ɗaya, ta ce in buɗe wajen saitin sauti in karanto mata abin da aka rubuta a layin da ke nuna ta inda sautin ke fita. Turanci ne, ban san ma'anarsa ba, sai na kwafe shi a littafi harafi-harafi, har da ɗan hoton da ke gefensa. Na dawo na fara karanta mata: H, e, a, d, p. Ta katse ni.

"Tsaya, Baba. Wa ya sa mata iyafis, abin jin sauti na sawa a kunne?"

"Babu wanda ya sa. Ba mu da shi ma."

"Ita dai cewa take yi akwai iyafis a jikinta. In ta ji an sa abu a ramin gaba, sai ta kashe sifiku ta tura sautin can, don kada a dami mutane. Duk kwanakin nan magana take yi, cikin wancan ramin take yi. Je ka duba gaban akwatin, akwai ƙaramin murfi."

Ina tsaye da waya a kunne, sai na ga hannuna a ranar rufewa yana karya wutsiyar tsinke.

"Baba? Kana ji na?"

"Madam, in itace ne aka sa a ramin fa?"

"Itace? Wane irin itace?"

"Tsinken ashana. Da auduga. Saboda zanzaro."

Ta fashe da dariya har na ji tana kiran wata a shagon ta zo ta ji. Da ta lafa ta ce, "Ita ba ta san itace ba, ta san dai an tura mata abu. Kashe ta, zare wuta, ka ciro shi a hankali. Kar ka tura shi ciki."

Na ɗaga murfin, ga farin kan audugar nan yana leƙe. Farce ba ya kama shi. Telan ya zaro allura daga wuyan rigarsa ya miƙo mini. Na durƙusa, na soki gefen tsinken, na jawo kaɗan, ya kuɓuce. Na sake. A karo na huɗu ya fito gaba ɗaya da audugarsa. Na hura ramin, na mayar da wuta, na kunna, na buɗe darasi na tara.

Mun manta an murɗe sifikun har ƙarshe. Muryar ta fashe a ɗakin da ƙarfin da ya sa telan ya yi baya ya faɗa kan benci, awakin da ke kwance a baranda suka watse. "Manomi ya tafi gona da sassafe." Ban taɓa jin jimla mai daɗin wannan ba. Na bar ta ta karanta shafin duka a haka kafin in rage. Sannan na ruga gindin darbejiya, ni da ban yi gudu ba shekara da shekaru, na ce wa Madam ta yi magana. Ta ce, "Kai ka gyara ta, Baba, ni ko ganinta ban yi ba. Amma don Allah a bar ashana a kicin."

Kafin la'asar telan ya gama zagaye gari da labari. Ajin ya cika fiye da ranar buɗewa. Na miƙe na faɗa musu gaskiya, ni na toshe ta ni na buɗe ta, na ɗaga tsinken kowa ya gani. Wani dattijo a cikinmu ya ce da shi aka ba makullin, da kara zai sa ma. Aka yi dariya, muka karanta darasi biyu a ranar don rama bashin kwanakin da suka wuce.

Alhamis jami'in ya iso tare da Malam, wanda ya ɗauki izini daga wajen aikinsa don ya yi bankwana da kwamfutar. Tun daga bakin fili suka jiyo muryarta da tamu a bayanta. Malam ya tsaya a ƙofa yana kallona. Jami'in ya saurara na ɗan lokaci, ya sa mutum biyu suka karanta masa, ya rubuta abin da zai rubuta, ya hau motarsa ya tafi, ya bar mana kwamfutarmu.

Daga baya telan ya ɗinka mata riga da ragowar gidan sauro, mai zariya a ƙasa, iska na shiga zanzaro ba ya shiga. Tsinken kuwa yana nan a cikin littafina, a shafin da na rubuta harufan nan tara da Madam ta ba ni. Da 'yan wani aji a Kafur suka sami irin matsalarmu bara, Malam ni ya ɗauka a bayan babur ɗinsa in duba musu. Tasu M biyu ce kawai.