Jariran Inna, Hatimin Doguwa

Ƙaramin asibitin da ke ƙetaren gada ɗaki uku ne da baranda. Na ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon bishiyar mangwaro, shi ne ɗakin haihuwa, kuma shekara ashirin da shida ke nan mabuɗinsa na hannun mace ɗaya. Inna Sannu ake ce mata. Daga bakinta sunan ya fito. Mai naƙuda ta yi ta kuka, miji ya yi ta kai-komo a baranda, ita dai ba ta wuce, "Sannu, sannu, ai an kusa." Gajera ce mai faɗin tafin hannu, tabaraunta ɗaure da zare ta kunne ɗaya. Rabin masu gaishe ta a hanya, ita ta riga iyayensu mata ganin fuskarsu.

Rubutu ba ya cikin abin da take so, amma ba ta taɓa fashin fom ɗin ƙarshen wata ba. Takan sa takardar kabon a tsakani, ta danna biro da ƙarfi: haihuwa nawa, maza nawa, mata nawa, su wa aka tura babban asibiti. Na sama ya tafi ofishin lafiya, na ƙasa ta ninke ta ajiye a wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Inda na saman yake ƙarewa, ba ta taɓa tambaya ba.

Wata Litinin wasiƙa ta zo daga ofis. Wai alƙaluman da ke shafin ƙididdigar lafiya na gwamnati sun nuna haihuwar da ake karɓa a nan ba ta taka kara ta karya ba. Nan da wata biyu za a rufe ɗakin, mata su riƙa zuwa asibitin bakin titi. Inna ta karanta sau biyu. Bakin titi tafiyar awa guda ce, in ruwa bai hau gada ba. In ya hau kuwa, ta san yadda mai naƙuda take a wannan awar.

Ta ɗauki wasiƙar ta shiga ɗakin farko, inda mai raba magani yake jera kwalabe. Shi ma furfura ta kama shi, amma ta girme shi da shekara goma, don haka Yaya yake ce mata.

"Ƙanena, wane shafi ne wannan da ya fi ni sanin ɗakina?"

"Na intanet ne, Yaya. Kowa na iya buɗewa."

"Har ni?"

"Har ke, in kin daina kewaye kwamfuta kamar da maciji a ciki."

"Ni da na karɓi masu zuwa ta ƙafa, akwatinka ne zai ba ni tsoro? Buɗe."

Ya buɗe. Taswira ta fito, ya danna yankinsu, ya zaɓi shekara, ya zaɓi haihuwa a asibiti. Sai ga jadawali, kowane asibiti da layinsa, kowane wata da gidansa. Inna ta gyara tabarau ta ɗora yatsa a kan gilashin, shi kuma ya bi baya da hannun riga yana gogewa. A layinta wata uku kawai ke da lamba. Sauran taran ɗan guntun layi ne a kwance.

"Wannan tsinken fa? Sifili ne?"

"A'a. Sifili na nufin an kawo rahoto, ba a haihu ba. Wannan kuwa yana nufin rahoton ne bai zo ba. Sai dai in an zo tara na shekara, abin da aka gani shi ake tarawa."

"Wato a wurinsu wata tara ina zaune ina kallon mangwaro."

Shi ya ce wataƙila direban ofis ne ke zubar da takardu. Inna ba ta yarda ba. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yan direban nan huɗu, ta san mutum ne mai tsoron ɓatar da ko allura.

Kwana uku tana zuwa lokacin hutun rana tana koyo. Linzamin kwamfuta ya ba ta wahala, ta ce kibiyar nan ta fi ƙadangare rashin zama. Amma ta iya sauya shekara, ta iya komawa baya in ta ɓata. A rana ta uku, da mai magani ya fita alwala, sai ta yi abin da kowa zai yi: ta leƙa layin maƙwabta.

Ungozomar asibitin bakin titi ƙawarta ce tun makarantar koyon aiki. Doguwa ake kiranta, mace mai murya, mai son tsari, wadda ko tsintsiya sai ta rubuta wa lamba. Bara aka ba ta takardar yabo cikin firam mai gilashi, wai ɗakinta ya fi kowane ɗaki karɓar haihuwa a yankin. Ranar, Inna ta fi kowa tafi.

A layin Doguwa, wani watan hamsin da takwas. Wani watan sittin da ɗaya. Gado biyu ne a ɗakin Doguwa. Ta bi watannin da yatsa a hankali har ta kai Agustan bara, ta ga ashirin da huɗu. A nan yatsan ya tsaya. A watan nan iska ta yaye rufin asibitin bakin titi, aka rufe shi wata cur. Doguwa ma a barandar Inna ta yi rabin watan, tana shan shayi tana kushe yadda ake ninke zanin gado.

Inna ta koma ɗakinta, ta jawo akwatin ƙarfe, ta nemo kwafin Agusta. Ashirin da huɗu, da rubutun hannunta.

Sai abin ya faɗo mata. Motar da ke raba fom ba ta cika ƙetare gada ba, a bakin titi take sauke kaya. Shekara shida, duk sanda nata suka ƙare, aikawa take Doguwa ta sammata. Ita kuwa Doguwa, ranar da fom suka iso take zama ta buga wa kowanne hatimin asibitinta, don kada wani ya kwashe ya ƙunshe kaya da su. Inna ta sha ganin hatimin a kusurwar takarda, ta ɗauka ado ne na ofis. Ga shi tawadar hatimi ba ta bin kabon, kwafinta fes suke.

Mai magani ya dawo ya tarar da ita zaune, takarda a cinya. Ta yi masa bayani.

"To ai shi ke nan, Yaya. Mai shigar da alƙaluma lambar hatimi yake dubawa. Gobe ki kai musu."

"Gobe dai," in ji ta, ta ninke takardar. Ba ofis take tunani ba. Firam ɗin nan take gani, da ƙusar da Doguwa ta sa aka buga masa daidai inda mai shigowa zai fara kallo.

Ranar Asabar da hantsi ta je bakin titi da wayar mai magani, shafin a buɗe. Doguwa na wanke almakashi.

"Yau kuma fom ko gulma?"

"Gaisuwa. Ƙawata, haihuwa nawa kike aikawa a wata?"

"Talatin, talatin da biyar. Me ya faru?"

Inna ta miƙa mata wayar, ta nuna Agusta, ta ajiye kwafinta a gefe. Doguwa ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta share hannu a jikin riga. Ta ɗaga kai ta kalli firam ɗin da ke bango.

"Ni ma na yi mamaki ranar da aka ba ni yabon nan," ta ce. "Amma an ce na fi kowa, sai na ga ba ladabi ba ne in yi musu." Ta ja kujera ta hau don ta sauke firam ɗin. "Riƙe min, kada in faɗo ki ce na yi don in ɓata miki magana. Shekara shida ina goya miki 'ya'ya ban sani ba, ko sabulu ba ki taɓa kawo min ba."

"Ki bar shi a wurinsa. Kwafina kawai za mu kai."

"Rufe bakinki, 'yar guntuwa. Karɓi."

Litinin suka shiga ofis tare, Inna da akwatin ƙarfe, Doguwa da firam a hammata da hatimi a jaka. Jami'ar alƙaluma ta buɗe shafin nan dai, suka bi wata-wata: a cire na Inna daga layin bakin titi, abin da ya rage ya yi daidai da rajistar Doguwa. Sau biyu jami'ar ta tsallake layi, sau biyu yatsan Inna ya dawo da ita. Da aka gama jami'ar ta ce ba a karɓe yabo a ofishin nan, Doguwa ta koma da abinta.

Gyaran ya ɗauki mako uku. Kullum da rana Inna sai ta leƙa, tsinkayen nan na kwance. Ran nan ta buɗe ta ga lambobi sun cika layin daga farko har ƙarshe. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake bi. Wasiƙa ta biyu, wadda ta janye ta farko, sai bayan kwana tara ta iso, kuma Inna ba ta yi mamakin abin da ke ciki ba.

Doguwa ta aiko da firam ɗin babu komai a ciki, da saƙo a baki: takardar sunanta ke jiki, ta riƙe abinta, gilashin dai a san yadda za a yi da shi. Mai magani ya buga layin Inna a takarda, aka saka. Yana rataye yanzu kusa da taga, ya ɗan karkace.

Har yau bakin titi Inna take aron fom, sai dai Doguwa na ware mata nata kafin ta ɗauko hatimi, tana mita. Goma ga kowane wata kuma Inna takan zauna gaban kwamfutar mai magani ta nemo layinta da kanta. In lambar ta yi daidai da kwafi, shi ke nan. Takan tashi ne ta lalubo mabuɗi a aljihu, don da wuya ta gama dubawa ba a yi sallama a baranda ba.