Hosne Ara, Uwar Gizo-gizon Shalbari

Shekara ashirin da tara ke nan, da gari ya waye Hosne Ara za ta tattare zanenta na sari zuwa gwiwa ta shiga ruwan gonakin shinkafar ƙauyenmu Shalbari. Ta tsuguna, ta buɗa gindin shuka, ta leƙa. Ƙaramar malamar gona ce, amma kowa Apa yake ce mata, wato Yaya, har waɗanda suka haife ta.

Gizo-gizo take dubawa, kuma wallahi ta san cimar kowanne kamar ita ke yi musu girki. Mai saƙa a saman ganye, sauro da ƙananan ƙudaje yake ci. Na cikin furen kabewa ƙudan zuma yake yi wa kwanton ɓauna. Amma ɗan lelenta shi ne wanda ba ya saƙa, mai gudu a kan ruwa, don shi ke cinye ƙwaron nan da ke tsotse karan shinkafa har gona ta bushe a tsaye.

Shekarun baya, daminar da ƙwaron ya addabe mu, dattijo Mokles ya yi feshi sau biyu, abin sai gaba yake yi. Gona ɗaya gare shi, baki bakwai a gida. Ta tarar da shi yana haɗa maganin feshi na uku.

"Chacha, don Allah ajiye tankin nan," ta ce, don haka take kiransa, wato Baffa. "Masu gadinka ka kashe, shi ya sa ɓarayin suka samu sake."

"Ke dai Apa! In shinkafar ta mutu, gizo-gizon zan dafa wa yara?"

"In ta mutu, ka je ka girbe tawa."

A kunyoyin 'yar gonarta ta saba jera damman busasshen kara, inda gizo-gizo ke fakewa. Ranar ta kwashe su kaf, ta yi ta jigilarsu a ka zuwa gonar Mokles, ta bar tata ba mai gadi, mu kuwa muna ta yi mata dariya. Kullum sai ta je ta leƙa gonakin biyu, don ta san in abin ya ƙi, gida biyu ne za su kwana da yunwa. Bayan mako biyu gonar Mokles ta farfaɗo. Tata kuwa, a kan idonmu kusan rabinta ya bushe, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi zancen.

Ke ce kika koya mana tsugunawa, Apa. Ke ce kika nuna mana cewa ba duk mai rarrafe ne maƙiyi ba. Muna ƙaunarki, kuma mun ji kunyar dariyar da muka yi miki.

Makon jiya gwiwa ta ƙi, ta ajiye aiki. Ba taro, ba takardar yabo. Tana zaune a ƙofar gida sai ga Mokles, tsufa ya ranƙwafar da shi, da dami a ka.

"Chacha, ina zuwa da wannan kaya?"

"Gonarki mana. Tattaɓa-kunnen gizo-gizon da kika ba ni ne a ciki, na kawo su gida."

Ta yi dariya har da hawaye.

Mun gode, Apa, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma, kafin mu saɓa tankin feshi, mu tsuguna mu leƙa gindin shuka tukuna.