Sulun ƙanƙara da man kaɗen Inna

Da na hangi gangaren dutsen nan, fari fat da ƙanƙara, na ce wa abokan aikina su je su kaɗai. Hutu muka zo Suwizalan, amma ba zan ɗaura katako a ƙafa in karye a ƙasar mutane ba.

Tsohuwar da ke kula da masaukinmu ta miƙo mini wata 'yar kujerar sulu ta katako, ta ce in zauna kawai, ita za ta kai ni ƙasa.

Ina fara sulalewa sai ga ni a Gummi, lokacin ɗari, tun wayar hannu ba ta zo ba. Ni da Yaya Sani muna sulu a gangaren gulbi, bisa fasasshiyar jarka.

Da yamma na kira Inna na ba ta labari. Ta yi dariya.

"Kai da girmanka? To da kad dawo, wa ash shafa ma man kaɗe ga ƙafa?"

Na dubi ɗakin. Akwai ɗumi, amma babu kaskon garwashi, babu hannunta.

Ku fa, wa ke jiran dawowarku lokacin ɗari?