Gyaɗar Inna a Kan Littafin Turanci

Ni ce mai takardar shaida a gidanmu, kuma ban bar kowa a unguwarmu ta Hindawiyya ya manta da hakan ba. A Sudan aka haife ni, a can na gama sakandaren 'yan mata, har kyauta na taɓa ci a kan Turanci. Da mahaifina ya rasu, a farkon shekarun saba'in, muka tsallako teku ni da Inna, muka sauke farali, muka zauna Jidda wurin kawuna, ƙaninta. Aiki bai samu ba. Takardar ta kwanta a ƙasan akwati, ni kuma na zauna a tsakar gida ina hura hanci. Inna kuwa ko mako ba ta yi ba ta nemo kasko da rairayi ta fara suyar gyaɗa, tana kaiwa bakin hanyar da alhazai ke bi idan sun sauko daga jirgin ruwa. Ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa, a kowane harshe. Farantin gyaɗar nan kunya yake ba ni, kuma shi yake ciyar da ni.

Bayan katangarmu akwai wani tela Basine, mutumin ƙasar Sin, Musulmi, wanda ya zo hajji da matarsa da jaririyarsu shekaru masu yawa da suka wuce, hanyar komawa gida ta toshe musu, suka zauna. Ɗamarar da alhazai ke ɗaurawa a kan harami yake ɗinkawa, daga safe har yamma muna jin kekensa ta bango. Jaririyar ta girma ta kai shekara goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sanawiyya, wato sakandare. Ta ci lissafi, ta ci Larabci, ta ci komai, Turanci ya kayar da ita, a ɓangaren auna fahimta, inda ake ba ka labari ka karanta ka amsa tambayoyi. Karatun malanta take so. Uban ya yarda ta maimaita shekara ɗaya tak. Idan ta sake faɗuwa, makaranta ta ƙare, ta zauna ɗinki. Ba barazana yake yi ba, ya riga ya sayo keke na biyu ya lulluɓe shi da zane a kusurwar shago.

Uwarta ce ta kawo mini ita, da kwanon taliya mai zafi a hannu. Yarinyar na rungume da littattafai biyu. Ɗaya ƙamus ne mai kauri, daga Turanci zuwa Sinanci. Ɗayan wani ɗan'uwansu ne ya zo musu da shi daga Hong Kong da ya zo hajji, littafin auna fahimtar Turanci da aka rubuta don 'yan sakandaren Sinawa. Kowane shafi labari ɗaya, tambayoyi a ƙasa, amsoshi a bayan littafi. Na gyara zama, na ji cewa yau dai takardata ta yi rana.

Na ba ta labarin farko. Ta fiƙe fensiri, ta ɗora yatsa a kan layi. Duk kalmar da ba ta sani ba sai ta tsaya cak, ta buɗe ƙamus, ta rubuta ma'anar a samanta da ƙananan haruffansu, har shafin ya yi baƙi kamar tururuwa ta sami sukari. Daga azahar zuwa la'asar rabin shafi ta ci. A ɗakin jarrabawa kuwa ba a shiga da ƙamus. Ta gaya mini cewa bara a layi na uku ta ci karo da baƙuwar kalma, ta zauna tana kallonta har aka karɓe takardu.

"To ki tsallake ta mana," na ce.

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata. "Abla, ba a tsallake rubutu," ta ce. Abla shi ne yadda 'yan makarantar Jidda ke kiran malamarsu, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai.

Ashe ubanta ne ya koya mata rubutun Sinanci tun tana shekara biyar, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ka wuce harafi sai ka san shi. Mutum ne da idan ya ga takarda mai rubutu a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauke. Ni kuma maganin da na sani shi ne wanda aka ɗura mini: ƙarin kalmomin hadda da nahawu. Mako uku ina ɗura mata, ina ɗaga murya, tana sunkuyar da kai tana ƙara fiƙe fensiri. Ba mu matsa ko taku ɗaya ba, na fara cewa a raina yarinyar ba ta da kai.

Wata rana da la'asar Inna na zaune kusa da tabarmarmu tana murje ɓawon gyaɗa. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta yi wa yarinyar magana da Larabcinta na kasuwa, wanda rabinsa Hausa ce.

"Ya binti, tun azahar kike tono a takardar nan. Me aka ce a ciki?"

Yarinyar ta fara jerowa: tasha, jirgin ƙasa, ƙanƙara, tsoho, ƙunshi, agogo.

"Ba kayan na tambaye ki ba. Shi tsohon, wa yake jira?"

"Ban kai wurin ba, Khala. Saura kalma takwas ban duba ba." Khala, wato goggo, take kiran Inna.

"Nuna mini su."

Yarinyar na nunawa, Inna na ɗora ƙwayar gyaɗa ɗaya a kan kowace, har ta rufe takwas ɗin. "Halas, shi ke nan, waɗannan sun tafi unguwa. Yalla, ba ni labari da waɗanda suke gida."

Na ce da Hausa, "Inna, ba haka ake koyon Turanci ba."

"Ke da kika san yadda ake yi," ta ce, "mako uku ke nan ina jin muryarki, tata ban ji ba."

Raina ya ɓaci. Yarinyar ta fara karantawa a hankali, tana zuwa kan gyaɗa sai ta yi turus, Inna ta ce wuce. Ta kai ƙarshen shafi, abin da ban taɓa ganin ta yi a zama ɗaya ba. Inna ta rufe ta da tambayoyi irin waɗanda take yi idan an kawo mata labarin maƙwabta. Me ya sa yake ta duba agogo? Ƙunshin nasa ne ko na wani? Matarsa tana raye? Yarinyar ta sake leƙa shafin, sai fuskarta ta buɗe.

"Ɗansa yake jira, Khala. An sallamo shi daga asibiti. Ƙunshin riga ce mai kauri, saboda sanyi."

"To ya zo?"

"Ya zo, a jirgi na ƙarshe."

"Alhamdu lillahi. Cinye gyaɗarki. Amma kafin ki ɗauki kowace, faɗi abin da kike zaton yana ƙarƙashinta."

Ta faɗa, muka duba ƙamus, shida cikin takwas ta cinka daidai. Ta amsa tambayoyin ƙasan shafi, na buɗe bayan littafi da fatan in kama kuskure ko ɗaya. Babu.

Washegari da safe ina taya Inna hura wuta, ta gaya mini inda ta samo dabarar. Tana shekara tara suka bar ƙasar Hausa a ƙafa da iyayenta, shekara bakwai suna hanya kafin su kai Sudan, suna zama cikin Barebari, cikin Shuwa, cikin mutanen da ko sunan yarensu ba ta riƙe ba. "Wa ya ba ni ƙamus?" ta ce. "Mace na miki magana, kin kama kalma uku cikin goma, ga fuskarta ga hannunta, ai kin ji. Da na tsaya sai na san kowace kalma, da yunwa ta kashe ni a hanya."

Daga nan kullum da la'asar sai tabarma, littafi, da farantin gyaɗa. Inna ta kamu da son labaran har ta riƙa tashi daga kasuwa da wuri. Tana ɗaukar ɓangare, ta yi faɗa da mutanen cikin littafi. Akwai wata mata da ta bar tsohuwar uwarta a ƙauye ta tafi birni, Inna ta kwana biyu tana jin haushinta. Ni aikina ya koma riƙe agogon kawuna ina auna lokaci, da gyara rubutun amsa. Ba zan ɓoye ba, na yi kishi. Ni ake kira Abla, amma idan yarinyar ta shigo, Inna take fara nema da ido.

Saura wata ɗaya jarrabawa, yarinyar ta daina zuwa. Kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta uku muna zaune da hantsi sai Inna ta ɗaga hannu ta ce in saurara. Ta bangon tela, keke biyu ne ke aiki.

Inna ta yafa mayafi ta ce in biyo ta in yi tafinta inda Larabcinta ya gaza. Muka tarar da tela a bakin shago, littafin a gabansa. Can ciki, bayan labule, keke na biyu ya tsaya da muka yi sallama. Ya buɗe littafin ya nuna mana. Ni sai a ranar na lura: duk inda gyaɗa ta taɓa zama, mai ya yi naso ya bar tabo.

"Ya Hajja," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "littafi ba faranti ba ne. Wannan teku ya ƙetare kafin ya zo hannuna. Kuma an koya wa 'yata ta rufe abin da ba ta sani ba ta wuce. A wurinmu wannan ha'inci ne. Gara ta yi ɗinki na gaskiya da ta yi karatun ƙarya."

Na buɗe baki zan kawo masa hujjojin makaranta, Inna ta taka mini ƙafa. Ta karɓi littafin, ta juya shi daidai da taimakona, don a kife ta riƙe, ta buɗe shafukan da aka fara sa wa gyaɗa.

"Ya Hajji, ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga. Ƙirga mini tabon nan."

Ya ƙirga. Ashirin da uku. Ta buɗe gaba, sha biyar. Ta ƙara gaba, tara. Ta kai shafin da suka tsaya, biyu.

"Kowane tabo kalma ce da ba ta sani ba a ranar," Inna ta ce. "Ina sauran suka tafi? Ni dai ba ni na cinye su ba."

Ya daɗe yana juya shafukan da kansa, gaba da baya. Sannan ya kira 'yarsa, ya koma shafin mai tabo ashirin da uku, ya ɗora yatsa a kan wani tabo. Ta faɗi ma'anar da yarensu, ya duba ƙamus. Ya nuna wani, ta faɗa, ya duba. Na ƙirga sau goma, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ya rufe ƙamus, ya miƙe, ya shiga ciki ya mayar da zanen nan kan keke na biyu. Da ya fito sai ga shi da maɓallan riga cike da tafin hannu, ya ce don Allah a riƙa sa waɗannan maimakon gyaɗa. Inna ta karɓa da godiya, ta ɗinka wa kawuna a riguna, aka ci gaba da gyaɗa.

Ranar jarrabawa Inna ta kama hannun yarinyar a ƙofar gida ta taɓa kan yatsanta. "Ga gyaɗarki nan, ba mai ƙwace miki ita a ƙofa." Yarinyar ta dawo da azahar tana haki.

"Biyar ne, Khala. Na rufe su, labarin ya fito. Na gama har na sake dubawa."

"To zauna ki ba ni. Labarin wa?"

Sakamako ya fito bayan makonni. Da safe ne, Inna na zaune a ƙofar gida tana jera ƙullin gyaɗa a faranti, sai ga tela da takarda a hannu, 'yarsa na bayansa tana cizon bakin mayafi. Ta ƙi gaya masa abin da ke ciki. Shi kuwa Alƙur'ani yake karantawa da wasalinsa, rubutun hannun ma'aikatan ofis mai kama da tafiyar kaza ya fi ƙarfinsa. Na miƙa hannu da sauri, don ga dama ta zo mini a ƙarshe.

"Ammi, kawo in karanta maka," na ce, don haka muke kiransa, wato baffa.

Ya girgiza kai. Ya tsuguna gaban farantin Inna, ya shimfiɗa takardar a kan dakali, ya ɗebi gyaɗa. Mutumin da bai taɓa wuce harafi ba a rayuwarsa ya riƙa bin layi da yatsa, inda ya kasa sai ya ɗora ƙwaya ɗaya ya wuce. Ɗaya ta gangara, Inna ta mayar masa. Ya rufe bakwai. Abin da ya rage a fili ya isa: sunan 'yarsa, da sunan darasin Turanci, da kalma ɗaya a ƙarshen layi.

"Najiha," ya karanta. Ta ci.

Inna ta rangaɗa guɗar da ta fito da matan layinmu gaba ɗaya. Ni da na shirya riƙe girmana na malama, sai ga ni rungume da yarinyar muna tsalle. Tela bai tashi ba. Ya tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya yana sawa a baki, yana taunawa hawaye na bin kumatunsa.

Yarinyar ta yi karatun malantarta, ta yi shekaru tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Takardar kuwa uban ya sa ta a gilashi ya rataye a shago, daidai inda keke na biyu yake a da, da tabon mai guda bakwai a jikinta.