Ranar da Ladidi Ta Ƙi Amsa Sunanta

Har yau, in hadari ya haɗo daga gabas dab da magariba, sai na ji gabana ya faɗi, ko da 'ya'yana duk suna gabana, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Wannan faɗuwar gaba daga lungunmu na Badarawa na ɗauko ta, tun ina 'yar firamare.

A lokacin ba a saya wa yaro abin wasa, shi yake haɗa kayansa. Maza su bi bola su tsinto gwangwanin madara, su yanko tayoyi daga tsohon silifas, kafin la'asar sai ka ga tirela ta fito, direbanta yana ja da zare yana yi mata kuka da baki. Mu mata kuwa ƙashin ƙafar saniya muke roƙa wurin mai farfesu, mu wanke shi, mu liƙa masa gashin zare da ƙaro, mu ɗaura masa ƙyallen da muka tsinto a shagon tela, shi ke nan an yi 'yar tsana. Har biki muke musu, da gara da komai. Akwai 'yar carafke, akwai 'yar gala-gala, amma wasan da ke haɗa mu duka, maza da mata, shi ne ɓuya. Falwayar da ke bakin lungu ita ce wurin sha, wanda ya rugo ya taɓa ta kafin a kama shi ya tsira.

Ƙanwata Ladidi, autar gidanmu, ba ta wuce shekara biyar ba, kuma ba ta taɓa sha ba. Kama ta bai da wuya. Ka tsaya a tsakiyar lungu kawai ka ce, "Ladidi, na gan ki," sai ka ji daga bayan duro an ce, "Ƙarya ne, ba ku gan ni ba." Mu yi ta dariya, ita kuwa ta fito tana kuka, rungume da 'yar tsanarta.

Inda Ladidi take sarauta shi ne gaban Kaka. Kaka mahaifiyar Babanmu ce, Bakatsiniya, ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar kakanmu. Da damina, in an idar da isha'i, takan zauna a ƙarƙashin rumfa da kaskon garwashi tana gasa masara. Nata salon buɗe tatsuniya daban ne: "Ga ta nan ga ta nanku, mai kunne shi matso." Dokarta kuma ɗaya ce, wanda ya riga amsawa shi ke da masarar farko. Ladidi ba ta bari ma Kaka ta rufe baki take cewa, "Ta zo mu ji ta!" Na sha jin haushin wannan, don ni ce babba, amma kullum ƙonanniyar ƙarshe nake samu.

Wani dare Kaka ta gaji da yadda muke kaiwa magariba a waje, sai ta ba mu labarin Dodo mai aron murya. Ta ce shi ba shi da murya tasa, ta mutane yake ara. In rana ta faɗi sai ya laɓe a bayan gari, ya kira yaro da sunansa, da muryar uwarsa ko ta ubansa. Duk wanda ya amsa, sai Dodo ya cafke amsar ya jefa a burgami, yaron kuwa ya yi ta bin burgamin har daji, ba a ƙara ganinsa. Yarinya guda ce ta gagare shi. Magariba ta riske ta a hanyar rijiya, ta shige kogon kuka ta yi shiru. Dodo ya kira ta da muryar uwa, ya kira da ta uba, ya yi lallashi, ya yi kuka, ita dai ta toshe bakinta da hannu har gari ya waye.

Kaka ta nuna Ladidi da masarar da ke hannunta ta ce, "Ke ƙawata, mi na ce maki? In an kira sunanki da magariba ba ki ga mai kiran ba, ki kama bakinki." Ladidi ta gyaɗa kai, idanunta waje.

Washegari da yamma muna ɓuya hadari ya fara haɗowa. Ladan na ɗaga murya muka watse, kowa ya ruga gidansu kamar yadda muka saba. Sai da aka zuba tuwo Umma ta ce, "Ina auta?" Muka duba ɗakin Kaka, ba ta nan. Muka duba bayan duro, da ƙarƙashin gado, da banɗaki. Na shiga gidajen ƙawayenmu, kowa na cewa rabonsa da ita tun zagayen ƙarshe, da aka ga ta ruga bakin lungu da 'yar tsanarta.

Kafin Baba ya dawo daga masallaci lungu ya cika. Samari sun fito da tocila, an aika a yi cigiya a lasifikar masallaci, wata maƙwabciya kuma ta fara kawo labarin ɓarayin yara, har sai da aka ce mata ta yi wa Allah ta yi shiru. Ko'ina sunan ake kira, "Ladidi! Ladidi!" Umma, wadda ban taɓa jin muryarta ta wuce zaure ba, ga ta a ƙofar gida babu mayafi tana kira har muryarta ta dishe. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi, wuta ta ɗauke, walƙiya kaɗai ke haska fuskokin mutane. Ni dai ina tsaye, na kasa ko kuka.

Kaka ce kaɗai ba ta tashi ba. Ta yi tagumi a gaban kaskonta, garwashin ya fara mutuwa. Can ta kira ni ta ce, "Zo nan. Wane wasa kuke yi da kuka rabu?"

Na ce, "Ɓuya, Kaka."

Ta yi salati, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Yarinyar nan tana jin ku. Ni na ɗaure mata baki."

Baba ya tare ta a zaure ya ce, "Inna, ruwa zai sauko, ki koma ciki, mu za mu nemo ta."

Ta ce, "Kai dai hana su kiran sunanta. Kowa shi yi shiru."

Da ƙyar Baba ya sa mutane suka yi tsit. Kaka ta riƙe kafaɗata muka fita, yayyafi ya fara sauka. Ta tsaya a bakin wani kango ta ɗaga murya: "Ga ta nan ga ta nanku, mai kunne shi matso." Babu amsa sai iska. Muka matsa wurin tsohuwar motar da aka yasar a gefen hanya, ta sake faɗa. Shiru. Na ji wani a bayanmu yana raɗa cewa tsohuwa ta ruɗe. Ita ko waiwaye ba ta yi ba.

Muka iso bakin lungu, inda falwaya take. A nan akwai kwalbati da ta ratsa ƙarƙashin titi, duk ruwan unguwar sama ta cikinta yake bi ya gangara. Samari sun riga sun haska ta, ba su ga komai ba sai tarin shara da leda. Ruwa kuwa ya fara ƙarfi, har ina jin ƙarar gudunsa a cikin kwata. Kaka ta jira tsawa ta wuce, ta duƙa, ta faɗa da irin muryar da take yi a gaban kasko, a hankali, kamar babu abin da ya faru.

"Ga ta nan ga ta nanku..."

Daga ƙarƙashin ƙafafunmu wata siririyar murya mai rawa ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Ban san lokacin da Baba ya dira cikin kwatar ba. Ya shiga da rarrafe, ya ture sharar, ya fito da ita a ƙirjinsa, jiƙe sharkaf, ta ƙanƙame 'yar tsanarta. Ba mu kai ƙofar gida ba ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Da na waiwaya, walƙiya ta haska mini bakin kwalbatin, ya cika ya tumbatsa, ga wata motar gwangwani tana juyi a kai.

Bayan an yi mata wanka an naɗe ta a zanen Kaka, Umma ta tambaye ta ko ba ta ji ana kira ba. Ta ce ta ji. "Na ji muryarki, na ji ta Baba, na ce Dodo ne ya aro."

Kaka ta ce, "To ni fa, ƙawata, mi ya sa kika amsa mani?"

"Ai Dodo suna yake kira, ba ya tatsuniya." Sannan ta ƙara da cewa, "Kaka, ni na fara amsawa. Ina masarata?"

Aka yi dariya da hawaye, ban da Kaka. Ta tashi ta hura sabon garwashi, kuma har ta bar duniya ba ta sake ba mu labarin Dodo mai aron murya ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin daren shi ne a daina tsorata yara. Sai da na girma na fahimci wani abu: wanda tsoro ya rufe wa baki, ihun sunansa ba ya fito da shi, sai an neme shi da abin da ya sani kuma ya yarda da shi. A shekarunta na ƙarshe tsufa ya cinye wa Kaka tunani. Ba ta gane Baba, in an kira ta sai ta juya wa bango fuska kamar mai jin tsoron mu. Wata rana Ladidi ta zo duba ta, goye da nata ɗan. Ta gaishe ta, ta kira ta, babu amsa. Sai ta zauna a bakin gadon, ta kama hannunta ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku, mai kunne shi matso."

Kaka ta juyo a hankali, ta dube ta, ta ce, "Ta zo mu ji ta, ƙawata."