Kris ɗin da Ya Watsa Baikon Norhata

Bapa Dimalna maƙwabcinmu ne a Tugaya. Ɗan maƙeri ne, amma zaman gaban wuta bai karɓe shi ba, sai ya shiga bin garuruwan bakin tafkin Lanao yana sayen tsofaffin takubban kris a hannun magada. Ɗakinsa cike yake da su, masu lanƙwasa da miƙaƙƙu, kowanne naɗe a tsumma mai ƙanshin man kwakwa. In ka miƙa masa kris ba ruwansa da ƙota, don ita sauya ta ake yi. Gindin ƙarfen yake dubawa. In makarin hannun daban aka ƙera shi aka haɗa, ya ce aikin mutanen da ne. In zane kawai aka ja, ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai na girme shi."

Abin da ya gani kuma sai ya faɗa, ko gaban wa.

Ranar baikon Norhata, wata yarinya 'yar garinmu, ina wajen. Dangin angon, Amerodin, sun zo da kaya niƙi-niƙi, har da wani kris mai zanen azurfa. Ana cin shinkafar kurkum sai kawun yarinyar, Macarimbang, ya fara tsokana.

"Alhaji, wannan ƙyallin ya yi yawa. Ba jiya kuka ɗauko shi a maƙera ba?"

Uban ango, Alhaji Pundato, ya yi dariya. "Ga Bapa nan, a ba shi ya raba mu."

Bapa ya goge hannu, ya zare takobin, ya matsa masa lemun tsami ya murza da yatsa. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Ƙotar sabuwa ce. Ƙarfen kuwa ya ga kakannin kakanninmu." Aka yi shewa. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai ya ƙara da cewa, "Kai, na ma san shi! Ga tsagar nan da babana ya cike da tagulla, ina kallo. Ai na Datu Ampaso ne."

Datu Ampaso, wani basarake, shi ne uban Macarimbang, kakan amarya. Shekaru da yawa baya aka tsinci gawarsa a gonar rogo, an sare shi, kuben takobinsa fanko. Ba a taɓa gano wanda ya yi ba.

"Yaya, a kasuwa mahaifina ya saye shi," Alhaji ya ce wa Macarimbang. "Wallahi a kasuwa."

Macarimbang ya fizge takobin daga hannun Bapa, ya tsallake farantan abinci ya nufi Alhaji. Bapa ya bi shi yana cewa, "Tsaya, ban ce su ne ba!" Ya sa hannun hagu ya tare. Saran farko ya raba hannun daga gwiwa. Na biyu ya sauka tsakanin wuyan Alhaji da kafaɗarsa, jini ya yi tsartuwa har kan farar rigata, ya faɗi matacce. Mata suka ɗauki ihu. Amerodin ya ruga motarsu, ya dawo da bindiga, ya harbi Macarimbang a ciki da fuska. Wani harsashin ya sami wata tsohuwa da ke rabon shayi, ta faɗi kan butarta.

Ni na ɗaure dungulmin Bapa da igiyar labule, muka saka shi a mota zuwa asibiti a Marawi. Duk hanya abu ɗaya yake maimaitawa: "Ban ce su ne ba."

Gabar ta daɗe. An ƙone gidaje, an kashe ɗan Macarimbang a kwalekwalensa, an bi Amerodin har Manila inda yake sayar da wayoyi aka harbe shi a rumfarsa. Norhata ta koma wajen gwaggonta a Iligan, ba ta sake taka Tugaya ba. Da dattawa suka yi sulhu, suka kawo wa Bapa takobin ya ajiye, tunda ba gidan da zai yarda ɗayan ya riƙe. Ya ce ko ƙofarsa kada a shigo da shi. Suka kai wa liman.

Bai daina sayen kris ba, ni nake riƙe masa yana shafa lemun. Ya rasu bara da azumi. Har yau ba wanda ya san ko gaskiya Alhaji Pundato ya faɗa.